Asibitin Sankara da Zakka da Sadaka Suke Riƙe da Shi a Lahore

A birnin Lahore na ƙasar Pakistan akwai wani asibitin masu ciwon daji mai suna Shaukat Khanum, wanda aka buɗe ranar 29 ga Disamba, 1994. Gidauniyar agaji ce ta mallake shi, babu gwamnati a ciki, babu ɗan kasuwa mai jiran riba. Sunan mahaifiyar Imran Khan aka sa masa, wadda sankara ta yi ajalinta a 1985, lokacin da ɗan nata yake tashe a wasan kurket. Jinyarta ce ta sa ya gane cewa idan gidan masu hali ya sha irin wannan wuya, to talakan da ciwon ya kama ba shi da abin yi sai jiran wa'adi. Ya yi shekaru yana yawon neman taimako gari-gari, 'yan makaranta suna tara masa kuɗi, masu ƙaramin ƙarfi suna miƙa ɗan abin da ke aljihunsu, har ginin ya tashi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa kusan kashi 75 cikin ɗari na marasa lafiyar da ake kula da su a wurin, asibitin ne yake ɗaukar nauyin maganinsu, ko duka ko wani ɓangare. Sai wanda ya taɓa jinyar mai sankara zai san girman wannan magana. Da farko za a yanko 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji, a ɗauki hoto, wataƙila a yi tiyata, sannan a shiga kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, wanda sau da yawa ake maimaitawa duk bayan mako uku har tsawon watanni, daga nan kuma a koma gashi, wato ƙona ciwon da hasken inji, kwana biyar a mako, makonni a jere. Iyali sukan sayar da gona su biya zagaye na farko da na biyu, su sayar da dabbobi su biya na uku, zuwa na huɗu hannu ya ƙare, sai a kwaso mara lafiya a dawo gida. Maganin da aka yanke a tsakiya kuwa ba ya hana ciwon dawowa, ga dukiya ta tafi. Cibiyar da za ta ce wa mutum ya zo a yi masa aikin daga farko har ƙarshe ta ceci rai, ta kuma ceci gida daga tsiyacewa.

Kuɗin yana fitowa daga zakka da sadaka, da abin da masu hali suke biya idan sun zo jinya, da kuma kuɗin gwaje-gwajen da ake yi wa jama'a ta rassan karɓar jini da asibitin ya baza a garuruwan Pakistan. Ana ware zakka daban a kashe ta kan jinyar waɗanda suka cancance ta, kuma duk shekara ana fitar da rahoton kuɗi bayan masu binciken asusu sun duba. A ganina wannan ne ya sa mutane ba su gaji da bayarwa ba, domin mai bayarwa yana son ya san inda kuɗinsa ya sauka.

Ɓangaren bincike shi ne wanda jama'a ba su cika gani ba, alhali kuwa cikakken sunan asibitin ma yana ɗauke da kalmomin "cibiyar bincike". Tun farkonta take ajiye kundin bayanan marasa lafiya: wane irin ciwo ne, a wane shekaru ya kama mutum, a wane mataki ya iso asibiti. Masananta sun kuma yi nazari kan ƙwayoyin gado na BRCA1 da BRCA2 a tsakanin matan Pakistan masu sankarar mama. Likitan da ya dogara kacokan ga alƙaluman Turai da Amurka yana yi wa mutanensa magani ne da ma'aunin wasu.

Akwai wuri mai ɗaci. Asibitin ba ya karɓar duk wanda ya zo ƙofarsa, yana fifita waɗanda ake kyautata zaton magani zai amfane su, kuma babu kalmar da za ta sanyaya zuciyar wanda aka mayar da mahaifiyarsa. Na fahimci dalilin, tunda gadaje da kuɗi suna da iyaka, amma abin yana damuna ƙwarai. Buɗe asibiti na biyu a Peshawar a 2015 ya rage wa mutanen arewa maso yammacin Pakistan doguwar tafiya. Imran Khan ya yi firaminista daga 2018 zuwa 2022, aka kuma tsare shi a Agustan 2023, amma jinya ba ta tsaya ba, saboda hukumar amintattu da ƙwararrun ma'aikata ne suke gudanar da wurin.

Mu a nan arewacin Najeriya, kullum sai mun ga hoton wata baiwar Allah a Facebook da lambar asusu a ƙasa, ana roƙon a taimaka a kai ta gashi, kuma injunan gashin da muke da su a yankin gaba ɗaya ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Mutanenmu suna bayarwa, Allah ya saka musu, sai dai kuɗin yana ƙarewa ne a kan mutum ɗaya, gobe wani ya faro daga tushe. Ina roƙon malamanmu su zauna da likitocin sankara da attajiran Kano da Kaduna da Sakkwato, su fayyace abin da zakka za ta iya biya na jinya, da abin da sai wakafi da sadaka za su ɗauka na gini da injuna da bincike, sannan a damƙa amanar a hannun mutanen da za su yarda a binciki littafinsu duk shekara.