Kafin Legas ta fara haƙa ƙarƙashin ƙasa, a rubuta sunan lebura

Duk wanda ya bi ta Agege ko Idi-Araba bayan sallar asuba ya san wannan zaman: matasa a gefen titi, kowa da diga da shebur a gabansa, wani ya kife kwanon sarki ya zauna a kai, suna jiran motar ɗan kwangila. Idan ta tsaya, sai helima, wato shugaban leburori, ya leƙo ya ce mutum goma yake so, a yi cinikin kuɗin yini a tsaye, a ɗare bayan mota a tafi. Ba a tambayar kowa cikakken sunansa, balle garinsu ko lambar wani ɗan'uwansa. Da yawansu 'yan'uwanmu ne daga Arewa da Nijar, kuma su ake turawa cikin rami idan aiki ya kai ga haƙa.

Jiragen ƙasa na cikin birni da Legas take alfahari da su a yau ba su shiga ƙarƙashin ƙasa ba. Layin Blue Line, mai tsawon kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, Red Line kuwa, wanda ya ratsa Agege daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo baya a 2024, kuma dukansu a doron ƙasa ko a kan gada suke tafiya. Sai dai ana shirin Green Line zuwa Lekki, kuma birnin da ya cushe irin wannan ba zai daɗe yana kauce wa haƙa mai zurfi ba. Ra'ayina shi ne, ran ma'aikacin da rami ya rufta da shi ya fi dogara ga abin da aka tanada kafin ya sauka, fiye da jaruntakar masu ceto bayan ta faru.

Abin da ya auku a Singafo ranar 20 ga Afrilun 2004 ya cancanci kowane injiniya a Legas ya karanta shi a tsanake. Ana haƙa rami mai zurfin kusan mita 30 domin jirgin ƙarƙashin ƙasa a gefen babban titin Nicoll, a cikin laka mai taushi ta bakin teku, sai ƙarafan da suka tokare bangon ramin suka gaza, bangon ya kwanto, titin ya bi shi. Mutum 4 suka mutu, har da shugaban wasu leburori wanda ya tsaya fitar da yaransa, kuma ba a iya ciro gawarsa ba. Bincike ya gano cewa an yi kuskure a lissafin zanen aikin, kuma bangon ya daɗe yana nuna alamar motsi ba tare da an dakatar da haƙa ba. A Hangzhou ta ƙasar Sin, irin wannan ruftawa ta kashe mutum 21 a Nuwamban 2008. Ƙasar Legas yashi ce da laka, ruwa kuma a kusa yake, kamar yadda duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a nan zai shaida.

Na taɓa tsayawa a bakin ramin masai da ya rufta da wani matashi a unguwarmu. Ƙasa ta binne shi zuwa ƙirji, idonsa biyu, yana salati da ƙyar, domin duk lokacin da ya fitar da numfashi sai yashi ya ƙara matse shi. Wani ya ce a kira katafila, sai wani dattijo mai haƙar rijiya ya daka tsawa ya ce kowa ya ja da baya daga bakin ramin, a kawo katako a tokare gefe, a kwashe ƙasar da hannu da bokiti. Da haka aka fito da shi da rai. Dattijon bai yi karatun injiniya ba, amma ya san nauyin mutane a bakin rami yana jawo rufti na biyu, kuma bakin katafila ba ya bambanta dutse da kan mutum. Likitoci ma suna gargaɗin cewa wanda nauyi ya danne wa gaɓoɓi na sa'o'i yana buƙatar ƙarin ruwa tun kafin a ɗaga nauyin, saboda gubar da tsokar da ta mutu take saki tana iya lalata ƙoda.

A Nuwamban 2023, ramin hanyar mota na Silkyara a Indiya ya toshe da ma'aikata 41. An san adadinsu, an san sunayensu, an zura musu abinci da magani ta bututu, kuma da injin huda ya karye, masu haƙa da hannu ne suka ƙarasa aikin, aka fito da su duka bayan kwana 17. A kwatanta wannan da bene mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamban 2021, inda fiye da mutum 40 suka rasu. A kwanakin farko kowa da adadin da yake faɗa na waɗanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai, iyalai kuma suna zagaye da hotuna a waya. Mai ceton da bai san mutum nawa yake nema ba, bai san lokacin da ya halatta ya daina nema ba.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da shi, amma leburan da ba ya cikin kowane littafi zai sha wuya kafin ya tabbatar da cewa ya taɓa taka wurin aikin. Za a ce su leburorin ne ba sa son a rubuta su, sun fi son kuɗi a hannu. Akwai gaskiya a nan, domin wanda ya saba ganin takarda tana jawo masa kame ko haraji dole ya guje ta. Wannan ne wurin da sarakunan Hausawa da limaman unguwanni za su yi amfani, su fahimtar da matasa cewa rubuta suna a ƙofar wurin aiki kariya ce ga iyalansu.

Hukumar LAMATA mai kula da sufuri a Legas kuwa tana da ikon sanya sharaɗi a kowace kwangila, har ta ƙananan 'yan kwangila: kada kowa ya sauka rami sai an rubuta sunansa da lambar danginsa an ba shi alamar da zai mayar idan ya fito, a yi gargaɗin haɗari da Hausa da Yarabanci yadda kowa zai ji, a kuma ba helima damar tsayar da aiki idan ya ga bango ya tsage ko ruwa na tsattsafowa, ba tare da an zaftare kuɗin yinin yaransa ba. Jami'an LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas, su ma su riƙa atisayen ceto a cikin ramin da ake haƙawa, tare da leburorin da ke aiki a cikinsa.