Ƙwayar da nake sha don ciwon kai, ashe ita ke dawo min da shi

Jiya bayan Magariba na tsaya a kemis ɗin unguwarmu zan sayi auduga, sai ga wani matashi ya ajiye Adaidaita Sahunsa a bakin hanya ya shigo yana dafe da goshi. Ya ce, "A haɗo min na ciwon kai da gajiya." Yaron shagon bai tambaye shi komai ba. Ya ɓalle ƙwayoyi huɗu kala-kala ya zuba masa a tafin hannu, shi kuma ya kora da fiya wata a tsaye, ya biya ya koma kan aikinsa. Na bi shi da kallo har ya ɓace, raina ba daɗi, domin na yi kusan shekara uku ina yin abin da ya yi.

Ni tela ne. Nawa ciwon ya fara ne a wani ɗinkin Sallah, lokacin da muke kwana a kan keke. Ba sara yake ba, matsa yake, kamar an naɗa min rawani an ɗaure tam, wuya da kafaɗu su riƙe. Sai in sha farasitamol biyu ya lafa. Daga baya biyun suka daina yi min, na koma irin wanda ake haɗawa da kafeyin, wato sinadarin nan da ke cikin shayi da goro. Sallah ta wuce, ciwon bai wuce ba. Har ta kai da shi nake farkawa da Asuba. Akwai sacet a aljihuna, akwai a durowar keke, akwai a ƙarƙashin matashin kai. Sau huɗu ana yi min maganin maleriya da taifot, alhali ko zazzaɓi ba na yi.

Ranar da maiɗakina ta matsa na je asibiti, likitan ya auna min jini, ya haska idona, ya taɓa wuyana, sannan ya ce, "Malam, a wata ɗaya kwana nawa kake shan maganin ciwon kai?" Wallahi ban taɓa lissafawa ba. Da muka ƙirga tare, ya haura kwana 20. Ya ajiye biro ya ce min maganin ne yanzu yake riƙe da ciwon. Na ɗauka ban ji daidai ba.

Ga yadda abin yake, kuma ina roƙon a karanta wannan wajen da kyau. Mutumin da dama yake da ciwon kai, idan yana shan farasitamol ko ibufurofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, har sama da wata uku, kansa yakan saba, ta yadda da ƙarfin maganin ya sake shi sai ciwon ya dawo, shi kuma ya ƙara sha. Idan irin haɗin nan ne mai kafeyin, ko tiramadol, ko kodin, kwana 10 a wata ma sun isa. Lissafin na kwanaki ne, ba na yawan ƙwayoyin da aka haɗiya a rana ɗaya ba. Wannan cuta ce da likitoci suka sani, tana da sunanta a littattafansu, amma a cikin masu sayar mana da magani ban taɓa jin wanda ya faɗa min ba.

Likitan ya ce in daina, kuma bai ɓoye min cewa zan sha wuya ba. Na sha kuwa. Makon farko ciwon ya ninka, ga tashin zuciya, ga rashin barci, abu kaɗan in yi wa yaran shago tsawa. A mako na biyu ya fara sassautawa. Kafin wata biyu sai na wayi gari na yi sallar Asuba na dawo gida ban tuna da kaina ba. Amma wanda ya saba da tiramadol ko kodin, kada ya yanke shi kaɗai a ɗaki, ya nemi likita ya sauke shi a hankali.

Abin da ke damuna shi ne mun raba ciwon kai gida biyu. Ko dai mu raina shi mu ce gajiya ce, ko mu kai shi can mu ce iska ce ko sammu. Tsakiyar, wato a zauna a bincika mene ne, ita muka tsallake.

Yayata ta fi shekara goma tana fama da ciwon ɓarin kai. Idan zai zo sai ta fara ganin wani ƙyalli-ƙyalli a gefen ido, sannan ɓangare ɗaya na kanta ya kama bugawa kamar ana daka. Ta yi amai, ta rufe taga, ko kukan jariri ba ta iya ji. Yakan yi mata kwana ɗaya, wani lokacin har uku. Dangin mijinta suka ce raki ne, wasu suka ce mutanen ɓoye ne, aka yi ta turara mata hayaƙi, alhali ƙamshi mai ƙarfi yana cikin abubuwan da ke tayar mata da shi. Ciwon ɓarin kai cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ana gadonta, kuma ta fi kama mata, kusan ninki uku na maza, sau da yawa a kusa da lokacin al'ada. Akwai magungunan da likita ke rubutawa a riƙa sha kullum don rage zuwansa, kamar amitiriftilin da furofuranolol. Ita sai da ta haifi ɗanta na huɗu kafin wani ya gaya mata haka. Ba na hana kowa addu'a, ni ma da ita na dogara, amma neman magani ai ba ya rage tawakkali.

Bayan na rabu da ƙwayoyin ne na ga ainihin abubuwan da ke tayar min da nawa, kuma ƙanana ne har mutum ya ji kunya. Ruwa ne na farko. A zafin Afrilu, rana ta haura digiri 40, sai in wuni a shago mai rufin kwano da leda biyu ta ruwa. Sai tsallake abincin rana, da sunkuyo a kan keke awa biyar ban miƙe ba, da danna waya har ƙarfe ɗayan dare. Ga shayi: na saba da shi safe da yamma, ranar da ban samu ba kai ya ɗauka. Masu cin goro sun san wannan, kuma shi ya sa da yawa ke kwana da ciwon kai a farkon azumi. Akwai kuma janareta. Namu a bakin ƙofar shago yake, hayaƙin yana shigowa. Iskar da ke cikin hayaƙin nan guba ce, ciwon kai da jiri su ne alamarta ta farko, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barci. Mun mayar da shi bayan gini.

Hawan jini kuwa, kada a jira ciwon kai ya sanar. Yawancin masu shi ba sa jin komai. A je a auna, idan yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, a ga likita.

Akwai ciwon kan da ba a tsayawa a kemis saboda shi. Wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da mutum bai taɓa ji ba. Wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a bazara, lokacin sanƙarau. Wanda ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar magana, ko farfaɗiya. Wanda ya biyo bayan buguwa a ka. Da na mai juna biyu idan ya haɗu da kumburi da dishi-dishin gani, wannan kam ko tsakar dare ne a nemi mota, domin yana iya zama mafarin jijjiga.

Har yau ina shan farasitamol idan ta kama, ba na wuce ƙwaya takwas ta miligiram 500 a rana, gaskiya ma ban taɓa kusantar haka ba yanzu. Bambancin shi ne ina rubutawa. A bayan littafin da nake ɗaukar awon kwastomomi na ware shafi, duk ranar da kai ya yi ciwo in sa kwanan wata, abin da na ci, barcin da na yi, da ko na sha magani. Watan jiya kwana uku ne kacal, biyu daga ciki ranakun da na kwana ɗinkin biki.

Don Allah, duk wanda ya san akwai sacet a aljihunsa yanzu haka, ya ƙirga kwanakin da ya sha a watan nan. Idan sun kai goma, ya ɗauki lissafin ya kai wa likita. Shi kuwa ɗan Adaidaitan nan na gane fuskarsa, a layinmu yake ɗaukar 'yan makaranta da safe. Gobe in sha Allahu zan tsayar da shi mu yi magana.