Takardar Amurka, aljihun Yamai

Wata biyar ke nan rabona da zaman fada bayan isha'i. Abokai har sun fara raɗe-raɗin ko amarya na ɓoye. Ba amarya ba ce jama'a, littattafai ne masu kaurin bulo da wani ɗan'uwana ya aiko min daga Amurka. Jarrabawar CFP nake wa shiri, takardar shaidar ƙwarewa wajen tsara wa mutum dukiyarsa: abin da zai ci, abin da zai ajiye, da abin da zai bar wa magada. Kada a haɗa ta da CFA, wadda ita ma jarrabawa ce ta masu harkar zuba jari. Mu nan dai in ka ce CFA, hannu ake miƙo maka.

Tambaya 170 ce cikin awa 6, sau uku a shekara: Maris, Yuli da Nuwamba. Ko ka ci, hukumar da ke ba da takardar ba ta ba ka sunan sai kana da digiri da awa dubbai na aiki a fannin. Ni kuwa sai na taso daga banki nake buɗe littafi, wani dare da fitilar waya, zufa na ɗiga kan takarda.

Shekaranjiya aminina ya tare ni a Wadata ya ce, "Malam, me za ka yi da takardar Amurka a Yamai? Wa ke da dukiyar da za ka tsara masa?" Na yi dariya muka rabu, amma da maganar na kwana. Tambayarsa ta farko tana da ƙanshin gaskiya. Ta biyun ce ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Babi guda cur na haddace kan 401(k), asusun ritayar ma'aikatan Amurka, ga harajinsu da ba ya ƙarewa. Iyalin da ke cikin misalan littafin miji ne da mata da yara biyu. Ina wannan gidan a Bukoki? Albashi ɗaya, baki goma sha biyar, ga tsohuwa a ƙauye, ga ƙane a jami'a, ga suna da biki da ba sa sallama kafin su shigo. Littafin ya ce ka ajiye kuɗin cefanen wata 3 zuwa 6 a banki saboda ɓacin rana. Shawara ce mai kyau, har sai ka tuna watan Agustan 2023, lokacin takunkumin da ƙungiyoyin ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO da UEMOA, suka sa wa Nijar, da mutane suka yi ta wuni a layi, kuɗinsu na cikin asusu amma abin da za a ba su a rana ƙayyadadde ne. A wancan lokacin mai buhun gero biyar a ɗaki da tumaki a bayan gida ya fi mai kati kwanciyar hankali. Iyayenmu ma ba su manta Janairun 1994 ba, daren da faran ɗin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Wanda ya rubuta littafina bai taɓa kwana da irin wannan fargabar ba.

To amma a ce wai ba mu da abin tsarawa? Wanda ke da kaɗan ai shi ya fi buƙatar lissafi, don kuskurensa ɗaya sai tukunya ta ji. Na ga ma'aikacin da ya ci bashin ragon layya yana biya har wata layyar ta zagayo. Jaka 10 a wata, in ka jure shekara 20, miliyan 2 da jaka 400 ne, ko ba a juya su ba. Matanmu sun riga mu gane haka. Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maradi a 1991, da akwatinsu da zubinsu na mako-mako, yau tsarinsu ake kwaikwayo a ƙasashe da dama. Balle adashi, da ba wanda ya san farkonsa.

Abin da karatun nan ya fi amfana ta da shi ba lissafi ba ne, kunya ce ya sa ni ji. Ƙa'idar masu takardar ita ce maslahar wanda ya zo neman shawara tana gaba da taka, kuma ba ka buɗe baki sai ka san shigarsa da fitarsa da bashin da ke wuyansa. Ni shekara nawa na yi ina miƙa wa mutane takardar bashi su sa hannu ban taɓa tambayar mutum nawa ke ci a albashin ba? Lakwal ta koya mana lissafin kamfani, SYSCOHADA, wato tsarin lissafin kamfanoni na ƙasashenmu, har cikin barci, amma aljihun magidanci ba wanda ya zaunar da mu a kansa.

Don haka matasan da ke irin wannan karatu, ra'ayina shi ne ku ci gaba, amma kada ku kwaso shi ɗungurungum ku juye wa Alhajin kasuwar Katako. Zai tambaye ku zakkar hajarsa, zai tambaye ku gado. A can mutum na iya rubuta wasiyya ya bar wa kusan duk wanda ya ga dama. A nan wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji.

Shi ya sa ranar Asabar da safe nake zuwa wurin wani malami a unguwarmu ina ɗaukar ilimin gado. Makon jiya ya ba ni mas'ala: mutum ya rasu ya bar gida na miliyan 12, da mahaifiya, mata biyu, ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata uku. Na zaro na'urar lissafin da na saya don jarrabawa, ina cikin latse-latse, malam ya ɗaga kai daga carbinsa ya ce uwa sudusi, miliyan 2, mata su raba tumuni, jaka 750 kowacce, 'ya'ya mata miliyan 1 da jaka 700 kowacce, namijin ninki biyu. Sannan ya leƙo na'urar ya tambaye ni nawa na saye ta.