Gemu Ɗaya Ne Dai

Ban kira sunan kowa ba. Wanda ya tsargu, da shi ake.

An ce wai shawarar da na ba yaron nan mai son fara aski da reza "askin malalata" ce. Wai na rage wa abin daraja. Yaro ya yi tambaya cikin ladabi, me zai saya ya fara, na ce masa abu huɗu: mariƙin reza, reza mai baki biyu, sabulun aski, da buroshi. Shi ke nan laifina. Sai ga gwani ya taso da nasa jerin: man shafawa kafin aski, kwanon haɗa kumfa na musamman, buroshi na gashin doki da wani na gashin dabbar da shi kansa bai taɓa gani ba, mariƙi mai lambobin juyawa, turaren bayan aski kala-kala. Yaron ya karanta, ya yi godiya, ya koma wa abin da ya saba. Sannu da aiki, gwani. Kabad cike da kaya, gemu ɗaya ne dai.

Ku da kuke son koyo, ku matso, don da ku nake, ba da shi ba.

Rabin aikin a ruwa yake. Gashin gemu busasshe yana da tauri, idan ya sha ruwan ɗumi na 'yan mintoci sai ya yi laushi, reza ta yanke shi ba gardama. Shi ya sa aski bayan wanka ya fi daɗi. Idan ba ka yi wanka ba, jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka ɗora a fuska. Buroshi kuwa na zaren roba ya ishe ka, ba ya buƙatar jiƙo, yana saurin bushewa. Ka goga shi a kan sabulu, ka haɗa kumfar a kan fuskarka kai tsaye, kana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi santsi da sheƙi. Kumfa mai manyan ƙwayoyi ruwa ya yi mata yawa, mai bushewa tana farfashewa ruwa take nema. Kwanon gwani ba ya cikin lissafi.

Sai riƙon reza, wanda nan ne mutane ke zubar da jininsu. Kada ka danna. Nauyin mariƙin shi ke yin aikin, hannunka jagora ne kawai. Ka ɗora kan mariƙin a kumatu, ka sauke hannun a hankali har ka ji bakin reza ya fara cin gashi, wajen digiri 30 ke nan, sai ka tsaya a nan. Ja gajere-gajere, kana ɗaurayewa. Kuma kafin ranar farko, bar gemun ya ɗan tofo, ka shafa da yatsa ka gane inda gashinka ya kwanta, domin a wuya yakan juya gefe ko ma ya yi sama. Ka bi kwanciyarsa. Zagaye ɗaya. Idan kana son ƙari, sake shafa kumfa ka bi ta gicciye. Maganar tayar da gashi ta hanyar da bai kwanta ba, bar ta tukuna, musamman idan gashinka mai murɗewa ne. Irin wannan gashin idan aka yanke shi ƙasa-ƙasa da yawa, sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, ƙuraje su feso. Wani da na sani yana koya wa 'yan koyo zagaye uku tun ranar farko, wai sai fuska ta yi sumul. Ku dubi wuyansa kafin ku ɗauki darasinsa.

Da ka gama, ruwan sanyi, ka shafa alif idan kana da shi, ka ɗauraye, ka sa mai marar ƙamshi. Reza idan ta fara jan gashi maimakon yanka, ta dakushe, ka canza ta, ka jefa tsohuwar a gwangwani mai murfi don kada ta yanki wani. Kada ka fara da reza mai suna Feather ta Japan don ka ji ana yabonta, kaifinta ba ya yafe kuskuren hannu. Irin su Astra ko Derby sun fi haƙuri da ɗan koyo. Ka tsaya a kan reza iri ɗaya da sabulu ɗaya na tsawon makonni, domin in kana canza komai kullum, ranar da fuskarka ta yi zafi ba za ka san wane ne mai laifin ba. Wannan shi ne abin da mai kabad bai gane ba har yau. Yau wannan sabulu, gobe wancan mariƙi, jibi ya ce fatarsa ce mai wuyar sha'ani. Gemu ɗaya ne dai, kuma hannun ne bai iya ba.

Tun da King Gillette ya sami rajistar rezarsa a Amurka a 1904, dalilin abin shi ne mutum ya yi aski da kansa cikin sauƙi, ba sai ya koyi wasa aska a fata ba. Abin da aka ƙirƙira don sauƙi, kai gwani ka mai da shi jarrabawa, don a ce kai ne malami.

Kuma abin da ya fi ƙona min rai, wallahi, ba kalmar "malalata" ba ce. Wa ya nuna maka yadda ake sa reza a mariƙi ba tare da ka yanke yatsa ba? Wa ka kira da dare wuyanka duk ya yi jawur kana tambaya ko asibiti za ka? Na ce maka ajiye rezar ka bar fatar ta huta, ka daina dannawa. Ka ji, ka warke, ka sayi kaya, ka zama gwani. Ban taɓa neman godiya ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba. Amma ka tsaya gaban yaran da suke ganin girmana ka ce ban san aski ba? Ni? Lallai wanzami ba ya son jarfa, ranar da wani ya ce kumfarka ta yi ruwa kwana ka yi kana kare kanka.

Wasu sun ce in yi haƙuri, wai wasa yake yi. Na ji. Ni ma wasa nake yi. Hoton wuyan nan da ka turo min a wancan daren yana nan a wayata, ban goge ba, ban kuma ce zan saka ba.