Na'urar tana nan, an lulluɓe ta da leda

Shekaranjiya da daddare 'yar yayata ta kira ni tana kuka, har gabana ya faɗi na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe aikin mastas ɗinta ne. Wata huɗu tana tattara samfur na ƙwayoyin cuta, ta zuba a kula da ƙanƙara ta kai tasha ta ba direba zuwa Ibadan inda za a karanta mata DNA ɗin su, wato rubutun halittarsu, mota ta lalace bayan Lokoja, kwana biyu a hanya, ƙanƙara ta narke komai ya tashi a banza. Cewa take "Kawu wallahi na gaji, ni haƙura zan yi." To me zan ce mata in ba ki yi haƙuri ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne, a makarantar tasu akwai na'urar PCR fa, wadda ke ninka DNA ya yi yawa har a iya gwada shi, sabuwa fil, ta ce tun da ta shiga take ganinta lulluɓe da leda. Babu sinadaran da ake aiki da su, firizar da ya kamata ta riƙa sanyi dare da rana ta zama kabad ɗin ajiye takardu saboda wuta. Da a nan ta fitar da DNA ɗin ta aika shi, ai bai da saurin lalacewa kamar ɗanyen samfur. Ni ma irin kwas ɗin na karanta shekarun baya, yanzu iri da maganin feshi nake sayarwa a kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi, kuma wallahi har na gama ban taɓa ganin DNA ko a kwalba ba, zana shi kawai muka yi ta yi a takarda muna hadda kamar karatun allo.

Ga wanda bai gane zancen ba, kowane mai rai, mutum ne ko saniya ko gero ko ƙwayar cuta, akwai wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin halittarsa da haruffa huɗu kacal, shi ne DNA ɗin. In ka iya karanta shi gaba ɗaya za ka san me ya sa wannan waken ke jure ƙuduji wancan ba ya jurewa, me ya sa wannan cutar ta daina jin magani, daga ina ta taso. Kuma don Allah kar wani ya zo min da rigimar GMO, wato irin da aka canza wa halitta, a nan, karanta rubutu daban, canza shi daban.

Mu ɗauki Lassa tunda ita ce tamu. Duk rani sai ka ji Bauchi a sahun gaba tare da Ondo da Edo, mun rasa mutane har da likitoci da nas-nas. A 2018 da cutar ta yi yawa hankali ya tashi, ana tsoron ko wata sabuwa ce ta ɓullo mai saurin bi daga mutum zuwa mutum. Da aka karanta ƙwayoyin da aka samu a jikin marasa lafiya sai aka ga yawanci kowa daga ɓera ya ɗauko tasa, kenan a gyara ajiyar hatsi a yaƙi ɓera. Kun ga wannan amsa ce da ta shafi rumbun kowa. A ina ake irin wannan aikin? Akwai cibiyar ACEGID mai karanta halittar ƙwayoyin cuta a jami'ar Redeemer's da ke Ede jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, su ne kuma a Maris 2020 suka fara karanta ƙwayar korona a duk Afirka cikin 'yan kwanaki. Jami'a ce mai zaman kanta a garin da bai kai Bauchi ba, ba aljanu ba ne, jami'arsu ta tsaya musu, suka nemo tallafin Bankin Duniya, suka riƙe ma'aikata suka riƙe wuta. Mu cutar a gidanmu take amma karatunta sai an ƙetare kogin Kwara.

Wake ma haka. Wannan shi na fi sani don kullum manoma na zuwa shago suna kukan tsutsa, wani sai ya yi feshi sau shida, sau takwas kafin ya cire amfani, kuma gaskiya cinikina kenan amma ba na jin daɗi in na ga yaro da famfo a baya ba takunkumi ba safar hannu. A ƙarshen 2019 cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru Zariya ta fitar da irin wake mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, feshi biyu ya ishe shi. Shi wannan kam na GMO ne, mai so ya shuka wanda ba ya so ya bari. Amma a 2019 ɗin dai aka wallafa cikakken karatun halittar wake, irin da aka karanta na IITA ne, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, a ƙasar nan aka samar da shi, amma masu jagorantar karatun suna Kalifoniya. Mu da muka fi kowa noman wake a duniya. Ƙosai namu, alale namu, ilimin a hannun wasu.

Na dabbobi ba sai na ja ba. Bafulatani ya san Bunajin da ke jure wahala da wadda ke ba da nono tun kafin a haifi farfesoshin, abin da ya rage a haɗa saninsa da gwaji, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom nan kusa da mu, ga ta binciken kiwo, NAPRI, a Shika.

Wani zai ce kuɗi. Da can e, karatun halittar ɗan Adam da aka kammala a 2003 ya ci shekara 13 da kusan dala biliyan 3. Yau akwai wata 'yar na'ura MinION mai karanta DNA, ba ta kai wata wayar hannun girma ba, a laftof ake jona ta, da irinta aka yi aikin Ebola a Gini. Kuɗinta bai kai na motar da ake saya wa shugabanni ba ko kusa. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin yau da gobe, sinadari yana ƙarewa kuma da dala ake sayo shi, firiza na son sola da batir nata na kanta, sai ma'aikacin lab ƙwararre da za a biya shi da kyau kar ya gudu Saudiyya. Su kuma waɗannan ba a yanka musu kyalle a ɗauki hoto, gini da gate ake ɗauka shi ya sa kowa gini yake so.

Ni a ganina ba dole kowace jami'a ta yi nata ba. ATBU ta Bauchi, Gadau, jami'ar jihar Gombe, Kashere, duk tafiyar 'yan awanni ce tsakaninsu, a haɗa ƙarfi a yi ɗakin gwaji guda ɗaya mai rai wanda ɗalibi zai hau mota da safe ya kai samfur kafin azahar. Kuma rabin wannan ilimin ma kwamfuta ne kawai, bayanan dubban halittu na nan kyauta a intanet a GenBank, yaro mai laftof da data zai iya koyon tantance su a ɗakin kwanansa in ya samu malamin da ya iya. Yaran nan da ke haƙar kirifto dare da rana kana ganin wannan zai gagare su?

Ita dai 'yar yayar tawa ta huce. Ranar Litinin za ta koma ɗibar samfur daga farko, na yi mata alkawarin kuɗin mota, ta ce wannan karon da kanta za ta rungume kular har Ibadan tana sayen ƙanƙara a hanya.