Kiɗan da ba ya neman a tashi a taka rawa

A makon jiya na sayi faya-fayai uku ta intanet, dukkansu daga irin kiɗan na'ura da Turawa suke kira ambiyent, wato kiɗan da yake tafiya sannu a hankali, ba mawaƙi, ba 'yan amshi, sau da yawa ma ba bugun ganga. Wani ƙanena da ya shigo ya tarar da ni ina saurare ya tsaya jim, sannan ya ce, "Yaya, rediyon ce ta lalace, ko har yanzu waƙar ba ta fara ba?" Ban ga laifinsa ba, domin kunnen da ya tashi da kalangu da kukuma, inda baiti yake bin baiti, dole ya yi ta jiran inda murya za ta shigo. A ganina wannan jiran ne kaɗai yake raba mutane da yawa da daɗin irin wannan kiɗa.

Wanda na fi so a fara da shi na gida ne. Mamman Sani, mutumin Nijar, ya naɗi kiɗansa a gidan rediyon ƙasar a Yamai cikin 1978, da ogan, wato abin kiɗa mai maɓallai irin na fiyano, mai aiki da lantarki ƙirar Orla ta Italiya, aka fitar da shi a kaset kaɗan ƙwarai. Shekara da shekaru mutanen Nijar suna jin wannan sauti a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, mafi yawansu ba su san sunan mai shi ba, har sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Abin da ya kama ni a ciki shi ne yadda yake ɗauko karin waƙoƙin gargajiya ya ɗora su a kan maɓallan ogan, yana maimaita layi ɗaya har ya zauna a zuciya, kamar yadda mai gurmi yake juya kari guda tsawon dare. Duk mai cewa wannan harka ta Turawa ce zalla, ya saurari wannan faifai tukuna.

Na biyu shi ne Peel na matashin nan ɗan Kenya, Joseph Kamaru, wanda aka fi sani da KMRU, wanda kamfanin Editions Mego na birnin Biyana ya fitar a 2020. Shi yakan ɗauki sautukan da ke kewaye da shi ya sarrafa su a kwamfuta, ya ja su su yi tsawo, har yankin ƙarshe na faifan ya haura minti ashirin. Na saurare shi da daddare bayan an ɗauke wuta, sai ƙarar janareton maƙwabta ta shiga cikin kiɗan ta zauna daram, har na kasa bambance wanne ne na faifai, wanne ne na unguwa. Wannan faifai yana bukatar haƙuri da abin sauraro na kunne mai kyau, kuma ba zan ɓoye ba, ta lasifikar waya ba abin da mutum zai ji sai gunji.

Na uku tsohon hannu ne, Music for Airports na Brian Eno ɗan Ingila, wanda shi ma aka naɗa a 1978, kuma daga gare shi ne sunan ambiyent ya bazu. Ya gina shi da zaren kaset masu tsawo daban-daban da suke zagayawa, ta yadda sautukan ba sa haɗuwa a wuri ɗaya sau biyu. Yana da kyau, amma a cikin ukun shi ne wanda na fi saurin ajiyewa.

Na ce na saya ne da gangan, domin mun saba da tura waƙa daga waya zuwa waya kyauta. Mawaƙin biki yana da liƙi da gayyata da za su rufa masa asiri, amma mai irin wannan kiɗa ba wanda zai kira shi ɗaurin aure ko suna, saboda haka kuɗin faifan yana cikin ɗan abin da yake isa hannunsa. Ƙanen nawa dai ya dawo washegari ya ce in tura masa na Mamman Sani, na ce masa ya kawo kuɗinsa in saya masa nasa.