Abin da ke sauka daga jikin kusu idan ya mutu

Jama'a, maganata ta yau doguwa ce, kuma a kan wani abu ne da ido ke gani da ƙyar. Ku daure ku karanta, musamman masu ajiyar hatsi a cikin gida da iyayen yaran da ke fita farauta.

Bara, bayan an kwashe shinkafar rani, na jibge buhunan shanshera a ɗakin da ke manne da na yara, a gidana nan Birnin Kebbi. Ba a yi wata guda ba kusu suka tare a cikin silin. Da dare sai ka ji kamar ana sukuwa a samanka. Na sayo shinkafar ɓera na zuba lungu-lungu, cikin kwana uku gida ya yi tsit. Mun tsinci gawa huɗu a ƙasa. Sauran kuwa wari ne ya gaya mana suna can sama.

Bayan kamar mako guda autarmu ta fara susa. Ƙananan ƙuraje jajaye a wuya, a hammata, a ƙugu inda zariyar wando ke kamawa. Daga ita sai yayyenta, sai mahaifiyarsu. Mai kemis ya ce ƙazwa ce, muka shafa magani, a banza. Maƙwabciya ta ce kuɗin cizo ne, muka shanya katifu a rana, muka bi gadaje da fiya-fiya har warin ya hana mu zama a ɗakin, amma ko guda ɗaya ba mu gani ba. Yarinya ba ta barci, mu ma ba ma yi.

Ana cikin haka kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon malamin dabbobi, ya zo daga Yawuri ganin likitan ido ya sauka a wurinmu. Ya duba wuyan yarinyar, sai ya ɗaga kai ya kalli silin.

"Ɗana, kun sa wa kusu guba kwanan nan?"

Na ce, "E, Kawu, ai sun mutu tuni."

Ya ce, "To, masu gida sun mutu, baƙinsu ne suka sauko neman abinci."

Ya sa aka kawo salatif, ya manna a bango daidai ƙarƙashin wata tsaga ta silin, ya ɓamɓaro ya liƙa a farar takarda. Ga wasu ɗigo-ɗigo kamar garin masoro. Wasu na motsi. Ya murje ɗaya da farce, ya bar jan layi a takardar. Jinin 'yata ne. Ranar muka ɓalle silin, muka kwashe gawarwaki da sheƙar da suka yi da tsummoki da ledoji, muka ƙone, aka yi feshi a can saman inda matsalar take. Kafin sati biyu ƙaiƙayi ya tafi.

Mu nan duk abin da ya yi ƙanƙanta yana cizo ƙuma muke ce masa. Amma wannan ba ƙuma ba ce. Ƙuma tsalle take, ƙafarta shida. Wannan rarrafe yake, ƙafarsa takwas, ɗan uwan kaska ne da gizo-gizo. Ni ƙannen kaska nake kiransu idan ina wa ɗalibaina bayani, kuma suna ganewa nan take. Masana sun rubuta irinsu sama da 45,000 a duniya, mafi yawansu ba ruwansu da mutum, da yawa a ƙasa suke suna cin ruɓaɓɓen ganye. Mai haddasa ƙazwa yana cikinsu. Jan abin nan da ke hana kaji kwanciya a akurki, ya tsotse su da dare ya ɓuya a tsagar bango da rana, shi ma yana cikinsu. Wanda ya addabi gidana sunansa a littafi Ornithonyssus bacoti. Bai kai milimita ɗaya ba, a sheƙar kusu yake zaune, ya hau ya sha jini ya sauka, kuma yana iya yin makonni bai ci komai ba yana jira. Muddin kusun na raye da wuya ya kula ka. Ranar da jikin kusun ya yi sanyi, ranar yake fita neman wani jiki mai ɗumi.

Kada wani ya ɗauka ina kare kusu ne. Addini ma ya ba da izinin kashe shi ko a cikin harami, kuma mun san irin ɓarnar da yake wa rumbu. Mun kuma san kusun nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, yana yaɗa shi ta fitsari da kashi. A kashe shi. Amma ni yanzu na bar guba a cikin gida. Tarko nake sa wa, domin tarko yana nuna maka inda gawar take, ka ɗauke ta da safe da leda a hannu, ka ƙone ko ka binne. Guba kuwa kusu ke zaɓar inda zai mutu, kuma kullum inda hannunka ba ya kaiwa yake zaɓa. Ga kuma kaji da kyanwa da mujiya da ke cin gawar su bi ta, alhali su ne ke rage mana kusun kyauta.

Abin da ya faru a gidana ya sa na tuna ƙuruciyata a ƙauye, kudu da Yawuri. Da kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai mu fita da karnuka da gora da ashana. Mu toshe ramin gafiya mu yi mata hayaƙi, mu kori kurege, mu tono bushiya, wanda ya yi sa'a ya samu gyazbi a bakin fadama. Kuma ina muke sa abin da muka kama? A aljihun riga, ko mu rataya a wuya, mu wuni da shi yana gogar fatarmu har magariba. Duk wanda ya taɓa riƙe gafiya ya san wasu ƙwari masu ruwan ƙasa, marasa fiffike, da ke gudu cikin gashinta. Waɗannan ba sa shan jini, ɓawon fatarta suke ci, kuma a jikin gafiya da danginta kawai ake samunsu a duniya. Su muke gani saboda girmansu. Waɗanda ba ma gani sun fi yawa: masu zama a gindin gashi, masu cusa kai cikin kunne, masu sa bushiya ta yi ɓawo ƙayarta ta zube. Yaron da ya kama gafiya ɗaya, gari guda ya sa a aljihu. Mun sha dawowa gida da ƙuraje a ciki da cinya, iyaye su ce ƙaiƙayin ciyawa ne.

A cikin ƙannen kaskar nan akwai wani dangi da ya fi tsaya mini a rai. Kun san jan ƙwaron nan mai laushi kamar karan-miski da ke fitowa kan yashi washegarin ruwan farko, wanda in ka ɗora shi a tafin hannu sai ya naɗe ƙafafu? To shi babban yaya ne a gidansu, kuma ba ya cutar da mutum. Yana da 'yan uwa ƙanana ƙwarai, kimanin iri 3,000 a duniya, waɗanda rayuwarsu abin al'ajabi ce. Uwar tana zuba ƙwai a ƙasa mai laima. Ɗan da ya ƙyanƙyashe ƙafarsa shida, bai kai rabin milimita ba. Sai ya hau kan ganyen ciyawa ya jira. Kusu ko jaba ko kurege ya gifta, ya maƙale, galibi cikin kunne, inda suke taruwa su zama kamar an ɗiga manja. Ba jini yake sha ba. Yawu yake zubawa ya narkar da fata ya tsotse, ya yi 'yan kwanaki, ya faɗo ƙasa. Shi ke nan, sau ɗaya tak yake cin jikin wata dabba a duk rayuwarsa. In ya girma ƙwan ƙwari yake ci a cikin ƙasa. Mutum ba abincinsa ba ne, tsautsayi ne ke sa manomi ko mai itace ya zauna inda suke jiran kusu.

A ƙasashen Asiya, tun daga Japan zuwa Indiya har arewacin Ostareliya, waɗannan 'yan mitsi-mitsin suna ɗauke da ƙwayar wani zazzaɓi mai kisa, Orientia tsutsugamushi. Uwa ce ke gadar wa ƙwanta ƙwayar, saboda haka ɗan yana fitowa da ita tun kafin ya ciji kowa. Alamar cutar zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, da wani ɗan baƙin tabo kamar ƙunar sigari a inda aka ciza, sau da yawa a hammata ko matsematsi inda ba mai dubawa. Ana ƙiyasin tana kama mutum kusan miliyan ɗaya duk shekara. A Yaƙin Duniya na Biyu ta kwantar da dubban sojoji a dazukan Bama, dazukan da kakanninmu suka yi yaƙi a cikinsu a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Maganinta ba tsada, doksisaikilin da ke kowane kemis yana warkar da ita idan an gane ta da wuri. Maganin zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya taɓa ta.

Wani abin lura, ƙwarin nan ba tsakiyar baƙin kurmi suka fi yawa ba. Sun fi son bakin daji, da gonar da aka sare aka noma aka bari ta koma saura, inda ciyawa da ƙananan itatuwa suka rufe, kusu suka yi yawa. Shekaru da dama an ɗauka cutar ta Asiya da arewacin Ostareliya ce kaɗai. Sai ga shi a 2016 an ba da rahoton mutanen da suka kamu da irinta a wani tsibiri na ƙasar Chile, can Kudancin Amurka. A 2018 kuma aka ba da rahoton samun 'yar uwar ƙwayar a jikin irin waɗannan ƙwari da aka ciro daga kusun daji a yankin Baringo na Kenya. Afirka na da irin ƙwarin sama da 400 da aka rubuta, da yawansu tun zamanin Turawan mulki aka tattara su a Kongo da Afirka ta Kudu.

Ba cewa nake cutar nan tana Kebbi ko Zamfara ba. Cewa nake wanda bai duba ba, ba shi da bakin cewa babu. A asibitocinmu zazzaɓi suna biyu gare shi, maleriya da taifod. In an yi maganin biyun bai sauka ba, sai a sake maimaitawa, ko a koma gida a ce sammu ne. Zamfara ta ɗanɗana kuɗar wannan a 2010, lokacin da yara ke ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, sai da aka auna jini aka gano gubar dalma ce daga niƙan dutsen zinariya. Yara sama da 400 suka tafi. Abin da ba a nema ba, ba a ganinsa, ko da yana cikin tsakar gida.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: Malam, ana kashe mutane da bindiga kai kana zancen ƙuma. Wallahi na san zafin, ina da dangi da suka baro ƙauyensu a ƙasar Danko-Wasagu ba su koma ba har yau. Amma ku dubi abin da rashin tsaron ya haifar. Gonaki nawa ne daga Ɗansadau zuwa Wasagu, gefen dajin Kuyambana, suka shekara da shekaru ba a noma ba, suka koma saura? Mutum nawa ne suka kwana a cikin ciyawa suna ɓuya, da goyo a baya? Nawa ne ke cunkushe a ajin makaranta da kangon gini, tabarma na gogar tabarma, inda ƙazwa ke bin yara ɗaya bayan ɗaya? Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya, in sha Allahu, mutanen nan za su koma su sa hannu cikin wannan saurar su share ta. Ni ina ganin ya kamata a san abin da ke zaune a cikinta kafin ranar.

Kuma aikin ba na biliyoyi ba ne. Muna da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, da ta jiha a Aliero, da ta aikin gona a Zuru, da ta tarayya a Gusau, ga tsangayar likitan dabbobi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Duk shekara ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai. Tarkon waya, safar hannu, buroshin haƙori na taje gashin dabba, 'yar kwalba da sinadarin adanawa, da madubin ƙara girma da ke ajiye a ɗakin gwaji. A fadamar Argungu, a kurmin bakin rafi na ƙasar Zuru, a tsibiran Yawuri, a rumbunan Jega, a kama kusu da jaba da gafiya a ga me ke jikinsu, da damina da rani, a rubuta. A tafi da mafarauta, domin sun fi kowane farfesa sanin wane rami ne na wa, kuma sun san watan da kunnen kurege ke yin ja. In an samu abin da ya fi ƙarfin ɗakin gwajinmu, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato.

Ni dai abin da ke hannuna na fara. Ɗana na biyu yana bin abokansa farauta idan mun je ƙauye hutu, kuma ban hana shi ba, domin ni ma a nan na koyi daji. Amma na ɗinka masa 'yar jaka ta buhu mai zariya. Abin da ya kama a ciki yake sawa ya ɗaure, ba a aljihu ba. Da an iso gida a babbake shi a waje tun bai huce ba, kafin ya shiga madafa. Shi kuma ya tuɓe kayan a jiƙa su a ruwan zafi, ya yi wanka da sabulu kafin ya zauna kan tabarmar kowa. Kakarsa ta tambaye ni ko wani abu ya faru ne, na ce, "Inna, ki tuna wuyan auta bara." Yanzu ita ce ke tare shi a ƙofar gida ta karɓi jakar.